Ƙwaryar Irin Rahama Tana Ɗakina

Iya, salama a gare ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Don Allah ki taimake ni, kuma in da hali ki sa wasiƙar nan gaba da sauran, domin abin da ke damuna ba zai jira ba. An yi ruwa sau ɗaya a wajenmu. Na biyu in ya sauka da kyau, shuka za a yi.

Ni dattijo ne a wata 'yar ikilisiya a ƙasar Bunguɗu, can gefen duwatsun Kwatarkwashi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, sunayen mutanen ma na sauya su, ko da yake wanda ya san mu zai gane, don ba mu da yawa. Ranar Kirsimeti ma, har da yara da baƙi, da ƙyar muke kai mutum tamanin. Shekaruna sittin da uku. Na koyar a firamare har na yi ritaya, na koma noman da na gada. Faston da muke da shi an mayar da shi Gusau shekara biyu da suka wuce, ba a turo wani ba. Da yake ni ne mai ɗan karatu, kuma bakina ba ya ciwo, sai wa'azi ya faɗo kaina. Ban ƙi ba. Na ma ji daɗi ƙwarai, kada in fara miki da ƙarya.

Muna da wata al'ada tun zamanin iyayenmu, muna ce mata addu'ar iri. Da an ga alamar damina sai a sa Lahadi guda, kowane gida ya kawo ɗan abin da zai shuka, wani a ƙwarya, wani a kwano, wani a leda: gero, dawa, wake, gyaɗa. A jera su gaban bagadi, mai jagorar sujada ya ɗora hannu ya yi addu'a, kowa ya ɗauki nasa ya je ya gauraya da sauran irin da ke gida. A wajenmu ba a jefa ƙwaya a rami sai an yi wannan. Gonakinmu kuwa kashi biyu ne. Akwai na bayan gida, ƙanana, ƙasarsu ta gaji. Akwai na bayan dutse, tafiyar awa ɗaya da rabi a ƙafa, can ne ake samun abincin shekara. Halin da dajin Zamfara yake ciki kuma ba sai na ba ki labari ba.

Bara ce karo na farko da addu'ar iri ta faɗo hannuna. Kwana uku kafin ranar na je kasuwar Tsafe sayen taki, na haɗu da Mu'azu. Musulmi ne, tare muka yi firamare, sana'arsa sayen hatsi ƙauye-ƙauye, saboda haka babu abin da ke motsi a daji bai ji ba. Ya ja ni bayan wata rumfa, ya rage murya, ya ce an ga mutanen daji sun yada zango a kwarin da ke bayan dutsenmu. Ya ce in gaya wa jama'ata su yi hattara bana, musamman masu shanun huɗa.

Na dawo gida da niyyar faɗa, Allah ne shaidata. Amma sati biyu na yi ina shirya wa'azi a kan tsoro da bangaskiya, na cika shafi shida a littafin rubutu. Sai na fara lissafi. In na faɗi maganar Mu'azu, wa zai ce amin da zuciya ɗaya? Jita-jita irin wannan ai kowane mako ana jin ta. In mutane suka ƙi zuwa bayan dutse kuma, yunwa ce za ta ci mu. Dalilai suka yi ta zuwa, kowanne da kyan gani. Amma na ƙasa-ƙasa, wanda sai yanzu nake iya rubuta shi, shi ne ba na so a ɓata mini wa'azina.

Na yi wa'azin kuwa, kuma ya yi daɗi. Na ce Allahn da ke tsaron mu a ɗaki shi ne a bayan dutse. Na ce duk wanda ya kawo irinsa gaban Allah, sannan ya ji tsoron kai shi gona, to ya ƙwace addu'arsa daga hannun Allah ke nan. Mata suka yi guɗa. Yusha'u, mai buga mana ganga, ya sake ta har kwanon rufi yana amsawa. Na koma gida ina jin kaina wani abu.

Washegari sai gwiwata ta tashi. Ina da ciwon gwiwa da gaske, amma a ranar bai kai yadda na nuna ba. Na shuka gonata ta bayan gida, na kuma ari wani fili wajen ƙanen mai ɗakina a bakin titin Tsafe. Tawa ta bayan dutse ban taka ta ba.

Iya, ga wurin da ya fi ci mini rai. Yusha'u ɗalibina ne tun aji huɗu, Baba Malam yake ce mini har ya girma ya yi 'ya'ya uku. Ranar da zai fara shuka ya biyo ta ƙofar gidana da sungumi a kafaɗa, ya ce tunda ƙafata ta hana ni, in ba shi irina ya shuka mini tawa, gonakinmu ai maƙwabta ne. Yana tsaye a gabana, ba kowa sai mu biyu. Abin da Mu'azu ya faɗa ya zo har bakina. Na ce masa ya bar ta, bana hutar da ita zan yi. Na sa masa albarka, ya wuce.

Gida goma sha ɗaya suka shuka a bayan dutse. Sati biyar lafiya lau, har na fara cewa ashe Mu'azu tsoro ne kawai ya kama shi. Lokacin huɗa, da hantsi, mutanen dajin suka fito a kan babura. Shanu suka zo ɗauka. Waɗanda suka gudu sun ce Yusha'u bai saki igiyar shanunsa da wuri ba. Ni na yi masa jana'iza. Mu'azu ya zo ta'aziyya, ya zauna a tabarma, ya dube ni sau ɗaya. Har yau bai ɗaga maganar ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya ƙara rikita ni, bayan 'yan makonni sauran suka koma a sace, suna zuwa suna dawowa da wuri, kuma gida goma sun girbe abin da ya samu. Hatsin nan shi ya riƙe ƙauyen har yanzu, daga cikinsa aka yi ta taimakon Rahama, matar Yusha'u. Ranar godiyar kaka mutane suka tashi suna ba da shaida cewa addu'ar Baba Malam ta yi aiki. Ina zaune a gaba ina gyaɗa kai.

Tun daga ranar jana'izar addu'a ta ƙi ni. A majami'a ina yi, kalmomi suna zuba kamar rediyo, mutane suna amin. Amma in na durƙusa ni kaɗai, sai in ce ya Uba, daga nan shiru. Wani lokaci har gwiwa ta yi tsami ban ƙara kalma ɗaya ba. Wani lokaci kuma fushi ke zuwa. In ce ni na yi laifi, to me ya sa ba a kama ni ba, aka ɗauki wanda ya gaskata da zuciya ɗaya? Ni mai wayo ina nan ina cin tuwo. Mai ɗakina ta lura na rame, tana ta dafa mini magani a zaton ciwon shawara ne. Na taɓa shiga mota har Gusau don in gaya wa tsohon fastonmu. Muka yi hira a kan yoyon rufin majami'a, na sha ruwa na dawo.

To shekaranjiya Rahama ta yi sallama da ƙwarya a rufe da faifai. Ragowar geron da Yusha'u ya ajiye ne bara don cike inda bai tsiro ba. Ta ce addu'ar iri Lahadin sama ce, amma tana so in fara yi wa wannan addu'a ni kaɗai, don mijinta ya yarda da bakina. Ta ce bana ita za ta noma gonarsa ta bayan dutse. Ba su da ta bayan gida, kuma ta gaji da ganin 'ya'yanta suna leƙen tukunyar mutane, ga rumbun kowa ya yi ƙasa. Na ce ta yi tunani, daji ba lafiya. Sai ta mayar mini da wa'azina kalma-kalma, har da wurin ƙwace addu'a daga hannun Allah. Ta ce shi ne abin da Yusha'u ya yi ta maimaitawa a gida, shi ne kuma ya riƙe ta duk shekarar nan. Ta ce in dai na ɗora hannu a kan irin nan, ba ta tsoron komai.

Satin da ya wuce kuwa na sake ganin Mu'azu. Ya ce wani lokaci shiru, wani lokaci ba shiru ba, kuma shi ba zai iya cewa kowa ya je bayan dutse ba.

Ƙwaryar tana kan akwatina yanzu haka. In na yi addu'a, za ta tafi, kuma in wani abu ya same ta, marayu uku sun rasa uwa a kan bakina. In na ƙi, sai ka ce na ce Allah ba ya iya tsaron ta. In na gaya mata gaskiya, ina tsoron in fizge mata abu ɗaya da take dafe da shi, ta bar majami'a, ta bar Allah ma. Kuma, kada in ɓoye, ina tsoron kunya. Iya, mene ne dogara ga Allah a irin wannan wuri? Mutumin da addu'arsa ta tsaya a wuya yana da izinin ɗora hannu a kan irin mutane? Ki faɗa mini ko da mai zafi ce.

Wani dattijo daga ƙasar Bunguɗu

*

Baba Malam, salama a gare ka. Na ajiye wasiƙun da ke gabanka na ɗauki taka, domin damina ba ta jiran layi.

Bari in fara sauke maka abin da ba naka ba. Ba kai ka kashe Yusha'u ba. Wanda ya ɗaga bindiga shi ya kashe shi, shi zai amsa a gaban Allah. Kuma ba mu san abin da zai faru ba da ka yi magana. Wataƙila da ya ji ya tafi duk da haka, don magidanci ne mai baki biyar a gida. Wataƙila kuma da kowa ya zauna, da yunwar da ka ji tsoro ta zo. Gida goman nan da suka girbe ba ƙarya suka yi ba da suka gode wa Allah.

Amma akwai naka, kuma ka riga ka san shi. An ba ka labari don jama'a, ka yi amfani da shi kai kaɗai. Ka hana Yusha'u ya zaɓa da idonsa a buɗe, har sau biyu. Wannan zunubi ne, ba kuskure ba, kuma ba zan shafa masa mai ba. Sai dai zunubi ne irin wanda jinin Almasihu yake wankewa, in an kira shi da sunansa.

Wa'azinka rabinsa gaskiya ne. Allahn ɗaki shi ne Allahn bayan dutse. Inda ka kauce shi ne da ka mai da hattara ta zama rashin bangaskiya. Ka tuna, da aka gargaɗi iyayen Ubangijinmu cewa ana neman ran jaririn, ɗaukarsa suka yi suka gudu Masar, kuma ba wanda ya ce sun kasa dogara. Shi kansa da aka ce ya faɗo daga kan Haikali tunda Allah zai tare shi, ƙi ya yi. Waɗanda suka sake gina garun Urushalima addu'a suka yi, suka kuma sa masu gadi. Ka taɓa tunanin cewa Mu'azu shi ne amsar addu'arka? Kun shirya roƙon tsaro ranar Lahadi, Allah ya riga ku, ya aiko da shi tun ranar Alhamis a bayan rumfar kasuwa. Kai kuma ka sa amsar a aljihu.

Me ya sa aka ɗauki mai gaskiya aka bar ka, ban sani ba, kuma duk wanda ya ce maka ya sani kada ka saurare shi. Abin da na sani shi ne addu'a ba laya ba ce. Ubangijinmu ma ya roƙa a ɗauke masa wahalar da ke gabansa, ba a ɗauke ba, kuma ba don bangaskiyarsa ta gaza ba. Dogara ita ce ka faɗi gaskiyar da ka sani, ka yi abin da ke hannunka, ka bar wa Allah abin da ba ya hannun kowa. Fushin nan da kake ji ma ka kai masa shi yadda yake, ba zai firgita ba.

Addu'arka ba ta mutu ba. Magana ɗaya ce ta tokare ƙofa, sauran suna bayanta. Shekara guda kana durƙusawa kana cewa ya Uba, ai ba ka daina zuwa ba ke nan. Gobe in ka ce ya Uba, ka ɗora da abin da ka rubuto mini, yadda ka rubuto shi.

Yanzu aiki. Yau ka gaya wa mai ɗakinka, baiwar Allah ta huta da dafa maganin shawara. Gobe da rana ku je gidan Rahama tare, da ƙwaryarta a hannunka. Ka gaya mata abin da Mu'azu ya ce bara, da abin da ka yi da shi, da zancen gwiwa, da abin da ya ce bana. Kada ka yi dogon bayani, kada kuma ka tsare ta da neman gafara nan take, don kada ka sauke kayanka a kanta. In ta yi kuka, in ta kore ku, in ta daina gaishe ka, haƙƙinta ne. Kana tsoron bangaskiyarta ta karye. Tana iya girgiza, ban musa ba. Amma yanzu ta jingina ta ne a bakinka, kuma a kan haka take shirin shiga daji. Gara ta yi fushi da kai tana raye.

Kada kuma ka ɗauke ta marar hankali. Uwa ce da ta gaji da karɓa, kuma tana da gaskiya. Hana ta zuwa ba tare da ba ta inda za ta shuka ba, wani wa'azin ne kawai. Kana da gonar bayan gida, kana da filin aro a bakin titin Tsafe. Ka raba ta bayan gida kashi biyu, ka ba ta ɓangaren da ya fi taki, ba wanda ya fi tsakuwa ba. Ka gaya mata a fili cewa ba diyya ba ce, don babu gonar da za ta biya Yusha'u. In hannunta ya ƙi karɓa daga gare ka, ka bi ta shugabar zumuntar mata, sauran dattawa ma kowa ya yanko 'yan kunyoyi, a sa mata gayya. In bayan duk wannan ta ce sai bayan dutse, zaɓinta ne, ta yi shi da sani. Sai ku tsaya kada ta taɓa zuwa ita kaɗai. Amma kada ka riƙe addu'a ka mai da ita sandar tsoratarwa. A kan iri da masu cinsa ake addu'ar, ba takardar izinin shiga daji ba ce.

Ranar Lahadi, kafin ka ɗora hannu a kan ƙwarya ko ɗaya, ka faɗa wa jama'a abin da ka ji bana, kowane gida ya yanke wa kansa. Ka janye maganar ƙwace addu'a, ka ce kai ka faɗe ta kuma ba daidai ba ce. Zancen bara kuwa, ka nemi yardar Rahama kafin ka faɗe shi a gaban mutane, don mijinta ne. In suka ce ka sauka daga wa'azi, ka sauka ba gardama, wani ya yi addu'ar. In suka ce ka yi, ka yi ta a taƙaice, babu shafi shida. Ka koma Gusau wajen fastonku, wannan karon ka bar zancen rufi. Mu'azu kuma ka je har gida ka gode masa, ya yi muku abin da ɗan'uwa yake yi.

Abu na ƙarshe, geron nan ya kwana biyu. Ku ɗebi 'yan ƙwayoyi ku naɗe a jiƙaƙƙen tsumma kwana uku, ku ga ko yana da rai. In ya yi rauni, ka roƙe ta ta bari a gauraya shi da naka.

Fatana shi ne geron Yusha'u ya tsiro a bayan gidanka, inda za ka wuce ta gefensa kowace safiya. Zai yi maka zafi, na sani. Kada ka sauya hanya. Ka tsaya a bakin kunyar nan ka yi addu'arka, ko da ya Uba ce kaɗai ta fito. Ubangiji ya tsare Rahama da 'ya'yanta, ya tsare ƙauyenku, ya ba ku damina mai albarka, ya kuma buɗe maka baki a gabansa.

Iya